Rasuwar Madubin Hagu a Hanyar Tebaram

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Muktari Tanimu, direban motar ƙauye mai jigila tsakanin Tawa da Tebaram, nake sanar da 'yan'uwana direbobi, da fasinjoji, da masu lodi na tasha, rasuwar abokin tafiyata, Madubin Hagu, wanda 'yan gareji ke kira retro. Ya rasu ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, yana bakin aikinsa.

Marigayin ya shigo ƙasar nan tare da motar, tun tana da fentinta. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. In buhun gero ya fara zamewa daga saman kaya, shi ke fara gani. Ba shi da yawan magana. Iyakarsa in mun hau burji ya ce kar-kar-kar a hankali, kamar tsoho mai gyaran murya.

Ciwonsa ya fara ne bara a kasuwar dabbobi, inda wani bijimi ya ga kansa a cikinsa, bai ji daɗin abin da ya gani ba. Robar wuyansa ta tsage. Na kai shi wurin Jibrilla mai liƙin roba, a bayan tasha. Jibrilla ya kankare bakin tsagar da reza, ya cika ta da tankaɗaɗɗen yashi, ya ɗiga kol, gam ɗin nan mai kama nan take, a kai har warin ya sa mu hawaye, wurin ya ƙame kamar dutse. Marigayin ya miƙe ya koma aiki. Da zafin bazara ya kama, wata tsagar ta ɓullo a gefen ta farko. Jibrilla ya sake liƙewa, amma wannan karon ya daɗe yana juya shi a hannu.

Ya ce, "Malam Muktari, liƙina ba ya saki. Robar ce ta mutu, rana ta cinye ta. Ran da zai tahi, ba zai yi maka sallama ba."

Ranar ajalinsa muna dawowa daga Tebaram, mota cike da mutane da awaki. Mun wuce busasshiyar koramar nan, inda babu gari kuma waya ba ta kamawa, sai marigayin ya nuna mini ƙura a bayanmu. Can ya nuna mini babura a cikin ƙurar, kowanne da mutum biyu, fuska a rufe, babu kaya. Na rage gudu don su wuce, suka rage. Na ƙara, suka ƙara. Duk mai bin hanyar nan a shekarun nan ba ya bukatar a fassara masa.

Ban faɗa wa kowa ba. Amma Inna Tanna, tsohuwa mai sayar da cuku da ke zaune kusa da ni, ta ga inda idona ke komawa. Ba ta waiwaya ba. Ta gyara mayafinta, ta ce a hankali, "Taka mota, ɗana. Addu'a tamu ce, tuƙi naka."

Na taka. Ban taɓa jin marigayin ya ɗaga murya irin ta ranar ba. Kowane rami muka faɗa sai wuyansa ya lanƙwasa, amma yana riƙe, yana rawa, yana nuna mini su suna girma. Abu na ƙarshe da ya nuna mini shi ne wani dogon abu rataye a kafaɗar na baya. A gangaren kwari na ji ƙas. Ya tafi.

Ban tsaya ɗaukarsa ba. Daga nan ban san abin da ke bayana ba har muka isa shingen jandarmomi. Da na fito na duba, hanya fayau. Ban san inda suka juya ba, ban kuma san su wane ne ba.

Ya rasu ya bar ƙanensa Madubin Dama, wanda ya daɗe da makancewa, da madubin ciki, wanda kaya ke tare wa gani. Ya bar kututturen wuyansa a jikin ƙofa, liƙin Jibrilla na nan daram, gefensa ne ya ɓalle. Ya bar uwargidana Rahinatu, wadda tun ranar take roƙona in koma layin Affala, ni kuwa ba ni da gurbi a can.

Ba a samu gawa ba. Ranar Asabar da hantsi Jibrilla zai kwance kututturen, a sa shi a buhun tarkacen roba da ke bayan rumfarsa. Za a karɓi gaisuwa a teburin Rissa mai shayi. Iyalan marigayin na roƙon kada kowa ya tafi nemansa. Direban da ya hango wani abu na ƙyalli a bakin hanya bayan kwarin, kada ya taka birki.

Ranar Alhamis mota za ta yi lodin Tebaram kamar kullum, amma za mu juyo tun kafin azahar. Wanda bai gama cinikinsa ba, ya nemi wurin kwana a can.