Hoton da za a kai wa surukin Salmanu

"Lafiya lau, bawana. Ya gajiyar jiya? Ai na ce ko ba za ka iya tashi ba."

"Bawan Allah dai. Ke har yanzu Dubai ba ta gaji da ke ba?"

Rabi ce da Salmanu a ƙofar wani ɗan otal a Al Buteen, ita tana zaune kan ƙunshin abayoyin da ta saro. 'Yar kawunsa ce, shi kuma ɗan gwaggonta, don haka ba sa haɗuwa a rabu ba a yi tsiya ba. Gobe za ta koma Kano. Shi kuwa shekararsa huɗu a nan yana gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma auren Asama'u yake nema. Mahaifin yarinyar malami ne mai tsantseni, ya ce ba zai buɗe baki ba sai ya ga hoton yaron, ya kuma ji shaidar wanda ya ga zamansa da ido. Duk dangi ba wanda ya gani sai Rabi.

Jiya bayan Juma'a ogansa ɗan Kenya ya kai shi gasar ƙwallon zari-ruga ta ƙasashe, wadda ake bugawa bakwai-bakwai. Da Salmanu ya ji ƙasashen duniya za su taru, sai ya ce ga wurin ɗaukar hoto. Ya zuba babbar riga ta shadda, ya kafa hula. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, a can 'yan kallo shigar ban dariya suke yi. Da safe ya tura wa Rabi hotunan gaba ɗaya ta zaɓa, bai tsaya ya tace ba.

"Na zaɓa," in ji ta, ta juyo masa da wayar.

Ga shi nan a hoton, tsakiya da rigarsa. A dama wani ƙaton Bature sanye da nafkin jarirai ya rataya masa hannu a wuya, a hagu wani ya yi shigar ayaba, kowanne da kofi a hannu.

"Wannan ba shi ba ne. Akwai wanda nake ni kaɗai."

"Wanda ka rufe ido? A'a. Malam ya ce a nuna masa abokan zamanka."

"Wallahi ban san su ba. Su suka yo kaina, wai shigata ta fi ta kowa."

"Wato rigar da ubanka ke zuwa idi da irinta, ita suka ɗauka kayan tashe."

"Jahilci ne irin naki ke damun su."

"To me ke cikin kofin jaririn? Kunun zaki?"

"Ni ruwa na sha."

"Zama da maɗaukin kanwa dai. Malam ya san ƙarashen."

"Ke da ko filin ba ki sani ba. Na ga Fiji, na ga Kenya, na ga New Zealand. Wani ɗan Fiji cinyarsa ta kai ƙunshin nan da kike kai."

"Ƙarti goma sha huɗu suna kokawa a kan gwanda guda, shi ne ka je da shadda?"

"Ƙwallo ce. Baya ake jefa ta, a ruga gaba. Minti bakwai a juya, minti bakwai khalas, an tashi."

"Kamar maganar aurenka ke nan. Minti bakwai zan yi a zauren Malam, khalas."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya san Rabi ba muguwa ba ce, sai dai ya san bakinta, kuma yana son Asama'u sosai. In hoton nan ya shiga gidan Malam, ko da wasa, magana ta mutu.

"Uwar ɗakina," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Hayaniyar masu kura ta yi yawa."

"Uwar ɗakina. Ni bawanki ne, ɗan baiwarki."

"Gwaggo dai ka bar ta, ba ruwanta. Kai kaɗai."

"Ni kaɗai. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Ni ce wadar? Bari in tura wa Asama'u yanzu."

"Doguwa. Doguwa ce ke, har kin fi benen nan."

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta miƙe, ta ce ya ɗauki ƙunshin ya kai mata kago wurin masu jigilar kaya, in ya dawo ya sako rigar, ita da kanta za ta ɗauke shi hoto a bakin ruwa inda ba jariri ba ayaba.

"Malam kuma zan ce masa ba ka sha, ba ka yawo, sallarka ba ta wuce ka. Wauta ce kawai, ita kuwa ba ta hana aure."

Ya saɓa ƙunshin a kafaɗa, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya yi taku biyu ya waiwayo.

"Wancan hoton fa, kin goge?"

"Yalla, tafi. Wancan sai ranar sunan ɗanku na fari."