Yadda Za Ka Zaɓi Akwatin Birkin Tirela Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen Oktoba, iska na fizge hular duk wanda bai danne tasa ba, dusar ƙanƙara ta fara yi wa duwatsu furfura, lokacin da Orrin Tackett ya soma gwada hanyar nan da zan koya maka. Ga alkawarina: in ka bi matakan yadda ya bi su, kafin la'asar ɗin gobe babu gidan da ba a san sunanka ba a duk kwarin nan namu na Wyoming, kuma uban yarinyar da kake so zai ce ya yarda, da bakinsa. Hanyar ba ta taɓa ƙin ci ba. Sau ɗaya aka gwada ta.

Rayanne ce Orrin ke so, 'yar tsoho Vern Hadlock mai garken shanu. Shi kuwa Vern ba ya zama wuri ɗaya a yi magana da shi sai cikin mota. Da motarsa ta lalace ana gobe kasuwar bijimai, Orrin ya yi tsalle ya ce shi zai ja tirelar da a-kori-kurarsa, ya kai babban bijimin gidan, mai suna Sanata, kasuwar da ke bayan dutse. Dabararsa ya nemi auren a hanya, inda tsohon ba shi da wurin gudu. Abu ɗaya ya rage: a-kori-kurar Orrin ba ta da akwatin birki, ɗan abin nan da in ka taka birki yake aika wa tayoyin tirela wuta ta waya su ma su kama. In babu shi, kai ka tsaya, tirela ba ta ji labari ba.

Mataki na 1: Shiga shago kamar ka zo koya musu aiki

Ka san dokar kwarinmu. Ba a ba namiji shawara kan motarsa, ko karensa, ko hularsa sai ya tambaya, ba a kuma taɓa su sai da izininsa. Namiji kuwa ba ya tambaya. Riƙe wannan da kyau, shi ne jarinka.

Goggo Lavonne mai shagon kayan mota ta ajiye wa Orrin kwali biyu a kan kanta. Ɗaya mai taurin kai ne: ko ka taka a hankali ko ka danna da ƙarfi, sai ya ɗan jira, sannan ya ba da iya ƙarfin da ka saita masa. Ɗayan yana jin yadda motar ke rage gudu, ya matse tirela daidai da haka.

"Me za ka ja?" in ji ta.

"Kaya."

"Kaya mai numfashi ko marar numfashi?"

"Goggo Lavonne, kaya ai kaya ne."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To, ɗan Tackett. Ya jikin mamanka?"

In mai shago ta koma tambayar lafiyar uwarka, ta wanke hannunta daga kanka ke nan. Ka yi nasara.

Mataki na 2: Zaɓi da ido

Ɗauki mai taurin kan. Ya fi araha, kuma yana da jar fitila mai kyau. Kada ka yarda da na'urar da ke jin abin da kake yi. Gobe ita za ta ba da shaida a kanka. Da rarar kuɗin Orrin ya sayi man goge ƙarfe da ƙunshin kilishi na toshiyar bakin suruki. Suruki ba ya ganin birki. Ƙyalli yake gani.

Mataki na 3: Ɗaura shi inda hannunka ba zai kai ba

Matsorata suna ɗaura akwatin kusa da gwiwarsu ta dama, wai don in tirela ta fara rawa su miƙa hannu su ƙara ƙarfi, ko su matsa ɗan hannun da ke jiki tayoyin baya su kama su kaɗai. Amma a motar Orrin nan ne mazaunin gorar kofi, kuma gorar ta riga akwatin zuwa. Sai ya ɗaura shi can ƙasa a ɓangaren fasinja, inda sai ka kwanta a kujera kafin ka taɓa shi.

Abin da ka saita da kyau ba ya bukatar taɓawa. Duba rana, wa ya taɓa gyara ta?

Mataki na 4: Saita shi tun bijimi bai shiga ba

Wannan shi ne zuciyar karatun. Maɓallin murɗawa yana da lamba daga ɗaya zuwa goma. Da yamma Orrin ya haɗa tirela a farfajiyar gidan Vern, ba komai cikinta sai tsohon kashin shanu, ya sa lamba shida, ya ja, ya taka. Tayoyin tirela suka ƙame, suka ja ƙasa, ƙura ta tashi, kare ya kama haushi. Vern da ma'aikatansa na jingine da shinge, ba wanda ya ko murmusa, abin da ya fi dariya ciwo.

Orrin ya sauka, ya zagaya, ya mayar da shi biyu. Ya sake takawa. Lafiya lau.

"Ta yi laushi," in ji Vern.

"Kamar man shanu, Baba Vern."

Tsohon ya tofar da ruwan tabar da ke leɓensa, ya dubi sama. "Sanata dai ya ci ciyawa sosai bana."

Iyakar abin da doka ta yarda ya faɗa ke nan, har ma ya kusa ƙetarewa. Orrin ya ce ai ya gan shi, bijimi ne na nunawa.

Rayanne ta fito daga bargar dawakai tana cire safar hannu. Ita dokar ba ta cika damunta ba.

"Orrin, ka san fa in aka sa shi ciki, nauyin zai..."

"Gashin nan naki ya yi kyau yau."

"Ciyawa ce a ciki. Ka ji abin da nake faɗa?"

"Bar min harkar mota, 'yar gata. Gobe za ki ji labari."

Ka lura bai yi mata ƙarya ba.

Mataki na 5: A hawa, yi maganar ciyawa

Da safe aka tura Sanata ciki, bayan a-kori-kura ya durƙusa kamar raƙumi. Kada ka kula. Hawa ba ya bukatar birki, saboda haka duk wanda ya gan ka a wannan lokacin zai ɗauka ka san aikinka.

Orrin ya kwana yana haddace jawabi. Ya buɗe baki.

"Baba Vern, akwai maganar da na daɗe..."

"Mhm."

"...wato, ciyawa ta yi tsada bana."

"Ta yi."

Ya miƙa kilishi. Vern ya ci. Orrin ya sake buɗe baki, maganar farashin dizal ta fito. Haka suka kai ƙololuwar dutse, kilishi ya ƙare, jawabi na nan cikin ciki bai motsa ba.

Mataki na 6: A gangara, a yi ciniki

Kada ka sauke giya. Sauke giya na tsofaffi ne da masu iyali. Ɗora ƙafa a kan birki ka bar ta can.

Da farko wari ne ya shigo, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Sannan birkin ya fara yin laushi a ƙarƙashin takalmin Orrin. Jar fitila na ci, tana ba da biyunta cikin aminci, Sanata kuwa da tirelarsa suna tura motar daga baya kamar masu sauri su riski kasuwa. A madubi tirela ta leƙo ta hagu, ta koma ta leƙo ta dama. Ƙasa can, hanya ta yi kwana a bakin gonar wani mai shanu, Hollis.

Orrin ya miƙa hannu wajen akwatin. Ya kamo gwiwar Vern.

Vern ya dubi hannun, ya dubi akwatin da ke tsakanin ƙafafunsa, ya gyara hula. Mutum ne da bai taɓa karya doka ba tun da aka haife shi.

"Yaro, ka yarda in taɓa motarka?"

A nan ake gane ɗalibin ƙwarai. Da wani ne, da ya ce taɓa, don Allah taɓa. Orrin kuwa ya ga cewa in ba yanzu ba, to sai dai a lahira.

"Baba Vern, ina son auren Rayanne!"

"Na ji. Ka yarda in taɓa?"

"In ka yarda da nawa, na yarda da naka!"

"Kai, ɗan banza, kwana ce a gabanmu!"

"Ina ganinta!"

"Na yarda! Na yarda, Allah ya isa!"

"Taɓa!"

Vern ya murɗa maɓalli har goma, ya matse ɗan hannun da ke jikin akwatin. Tayoyin tirela suka ƙame suna kuka, tirela ta miƙe sak a bayansu. Da an yi haka tun daga sama, da babu labari. Hanya ta yi kwana. Su ba su yi ba.

Mataki na 7: Tsaya inda aka tsayar da kai

Sun ratsa shingen Hollis, sun ɗauki akwatin wasiƙarsa a hanci, sun gangara fadama, tarin busasshiyar ciyawa ya karɓe su. Shiru. Sai ƙofar tirela ta buɗe da kanta. Sanata ya sauko da baya, ko ƙwarzane babu, ya girgiza kai, ya ɗaga hanci. A ɗaya gefen fadamar garken Hollis ne, mata zalla.

Shekara da shekaru Hollis na roƙon Vern ya ara masa bijimin nan, Vern na cewa jini irin wannan ba a bayar da shi kyauta. Hollis ya fito da kofin kofi a hannu, ya dubi shingensa, ya dubi Sanata yana tafiya aiki.

"Vern, kada ku yi sauri," ya ce. "Ku shigo ku sha wani abu."

Ba a kamo bijimin ba sai da rana ta faɗi. Kasuwa ta daɗe da tashi.

Mataki na 8: Je ka karɓi ladanka

Rayanne ta iso da motar maƙwabta. Ta fara shafa kan ubanta, ta duba ƙafafun Sanata, sannan ta juyo ga Orrin, wanda ke tsaye da ciyawa a kunne yana murmushi da sauran haƙoransa.

"Ya yarda, Rayanne. Tambaye shi."

"Baba?"

"Na faɗa," in ji Vern. "Ba na janye magana."

"Yaushe ka faɗa?"

"Daf da kwana."

Ta leƙa cikin motar, ta ga inda akwatin yake, ta ga wanda kaɗai zai iya kai hannu.

"Wato ubana na roƙon ya ja birki, kai kana ciniki."

"Dama ce ta zo, 'yar gata."

"To ka sami yardarsa. Riƙe ta da kyau, ka aure shi." Ta buɗe wa tsohon ƙofa. "Baba, shiga mu tafi."

Sanarwa

Mai wannan bayani bai taɓa ɗaura akwatin birki ba, ba shi da tirela, kuma ba ya nan lokacin da ka yanke shawara. Alkawari biyu na yi, duka sun cika: an san sunan Orrin, uba kuma ya yarda. Duk wanda ya bi matakan nan ya karye, ko ya karya wani, ko bijiminsa ya yi aikin sadaka, kada ya zo ƙofarmu. Mai son isa kasuwa ya koma wajen Goggo Lavonne ya amsa tambayar da ta yi masa.

Abin da aka rasa: tayoyin tirela huɗu, birkin a-kori-kura, turakun shinge tara, akwatin wasiƙa ɗaya, gorar kofi, haƙora biyu, kasuwar bana, da Rayanne.

Hollis bai rasa komai ba. Yana jiran 'yan maruƙa.