Watan Da Na Gani A Jikin Dutsen Uhudu

Duk abin da zan manta na zamana a Madina, ba zan taɓa mantawa da yammacin duban watan ƙaramar Salla na wata shekara ba, can a farkon shekarun tamanin. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Da na gama karatu izinin zamana zai ƙare, sai Kano. Ni kuwa Madina ta riga ta shiga raina. Ana haka na samu shiga wani ƙaramin marsad a bayan Jurf, wato ɗakin duban wata da taurari. Shugabansa Duktur Fahmi, Bamisire ne, ma'aikatan kuma daga Sudan da Turkiyya da Pakistan. Da can da ido suke neman wata, sai a shekarar aka kawo musu sabuwar na'urar hangen nesa. Duktur ya ce yana son mataimaki na dindindin, zai gwada ni, in na yi kyau ya nema mini izinin zama. (Sanina da na'urar bai wuce ɗan abin da ya nuna mini ba, amma in ka ga takuna sai ka rantse ni na ƙera ta.)

Ranar duban watan za a yi manyan baƙi, shehunai da wakilin alƙali, su ga sabon kaya yana aiki. Duktur ya ba ni mabuɗi ya ce in gyara ɗakin. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya, har Hajja Maryam ta lura. Ita ce mai gidan da nake haya a unguwar Sih, kakanta ne ya zo daga Katsina a ƙafa.

"Ya waladi, shuyukh za su zo ba bakhur?" in ji ta. "Aib! Kada ka kunyata mu."

Turare take nufi. Ta haɗa ni da kaskon turaren wuta, da itacen udu, da 'yar kwalbar man udu da ta sayo a kasuwar Sultana. Na je na rufe tagogi na turara ɗakin har ba na ganin ƙofa. Man kuma na shafe gemu da hannuwa da bakin mayafin kaina. Da hayaƙin ya lafa sai na ga ɗan gilashin da ake ɗora ido ya yi dishi-dishi, na kama bakin mayafin nan na goge shi, na zagaya da kyau.

Baƙi suka iso suna ta yabon ƙamshi, kaina ya ƙara girma. Aka sha ruwa da dabino, aka yi magariba. Duktur ya saita na'ura yamma, ya juya yana yi wa shehunai bayani. Ni kam ƙafata ƙaiƙayi take yi. Na ce a raina, in ni na fara gani ai aiki ya zama nawa. Na lallaɓa na ɗora ido.

Ga shi nan! Siriri, a lanƙwashe, yana ɗan sheƙi.

"Allahu Akbar! Na ga wata!"

Ɗaki ya ruɗe da kabbara. Wakilin alƙali ya miƙe ya ce, "Za ka ba da shaida?" Na ce ko yanzu. Har direbansa ya fita ya ta da mota.

Duktur ya zo ya duba. Sai ya kama na'urar yana juya ta a hankali, har ta bar yamma ta fuskanci dutsen Uhudu.

"Ta'al ya Ustaz," ya ce da ni. "Zo ka sake dubawa."

Na duba. Watana na nan daram, kwance a jikin dutse. Duktur ya sunkuya ya sansana gilashin, ya ɗago ya dubi gemuna mai ƙyalli.

"Na daɗe a wannan aiki," in ji shi, "amma yau na fara ganin wata mai ƙamshin udu."

Wani tsohon shehi ya yi dariya har ya ƙware da dabino. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin bai tsaya nan ba, ashe hayaƙin ya dafe babban gilashin ma. Dole aka fita waje ana neman wata da ido kamar da, ga sabuwar na'ura a ɗaki tana ƙamshi. Ba a gani ba, aka cika talatin.

Bayan Salla aka ba wani Basudane aikin. Wallahi na ji zafin abin, har na yi hawaye ina ɗaure kayana. Da na zayyana wa Hajja Maryam komai, sai ta ce, "Tayyib. Amma dai sun ce ɗakin ya yi ƙamshi ko?"

Na ce sun ce.

Yanzu a unguwarmu in an fita duban wata, ni ake turawa gaba, wai na yi aikin a Madina. Nakan cire tabarau in goge shi da tsumma mai tsabta, in duba, in rufe bakina. Ko na gani, sai wani ya fara kabbara nake bi.