Ranar da Na Kai Ƙara Kan Kalmar Kilishi

A shekarun da kuɗin fetur suka cika gari, zamanin soja, na buɗe shagon kilishi a Ƙofar Atiku, na sa aka rubuta mini ƙaton allo: KILISHI. Wani abokina da ya dawo daga Ikko ya gaya mini a can kamfani kan mallaki sunan kayansa, ba mai taɓawa. Nan take na ji ni ma kamfani ne.

Ba a yi wata ba, Malam Buhari, dattijon da ya riga ni sana'ar, ya kafa nasa allon da kalmar nan. Na zuba babbar riga, na maka shi kotu.

Alƙali ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Wanga abu da kaka saidawa, mi kakanka ka ce mai?"

Na ce, "Kilishi, Allah shi gafarta Malam."

"To, wa yab ba ka shi kai ɗai?"

Kotu ta kece da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya dafa bango.

Malam Buhari ne ya miƙe ya ce, "A yi mai haƙuri, ɗana na, zahin nema ad da shi." Ya goyo ni a babur har shago, ya ba ni shawarar in ƙara sunan mahaifina a allon. Allah ya saka masa, da sunan nan na riƙe gidana.

Amma har yau in na shiga kasuwa, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, ka yi muna izini mu ce kilishi?"