Dorinar da na aika Turkiyya

A Aliero kowa ya san ni, ban taɓa kai yaro koyon sana'a hannu rabbana ba. Ko wajen tela ne, sai na danƙa wa maigidan goro da bulala, in ce, "In ya yi gardama ka zane shi, ni na sa ka."

To, jikata Balkisu mai karatun noma a jami'a ta samu tafiya Turkiyya, har da koyon aiki a wani kamfani lokacin hutu. Na ce ba a kaina za a ce gidanmu ba tarbiyya ba. Na je kasuwar Jega na zaɓo dorina mai baki biyu, na gwada ta a buhun albasa, na naɗe cikin atamfa.

Na danƙa wa Balkisu, na ce, "Tsarabar uwar ɗakinki ta wajen aiki ce. Kika kwance, ban yafe ba."

Ɗiyar kirki ba ta kwance ba. Gaban ma'aikata duka ta miƙa wa uwar ɗakin nata, ita kuwa ta kwance.

Sai ga kiran bidiyo, Balkisu tana kuka: "Inna, sun ce dukana ake yi a gida, za su kira hukuma! Ki yi musu bayani kar aikin ya lalace!"

Na gyara lulluɓi, na dubi uwar ɗakin nata a wayar, na ce wa Balkisu, "Gaya mata ba a kai ake bugu ba, a ƙafa." Har na nuna yadda ake yi.

Abin da Balkisu ta fassara, Allah kaɗai ya sani, amma ba a kore ta ba. Dorinar tana rataye a ofis, wai kayan tarihi.

Yanzu ko gishiri na je saye, sai an ce, "Inna, Turkiyya sun aiko, a ƙaro dozin."