Ranar da Mushe Ya Zama Mushe

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kai 'yata Hadiza a cire mata haƙori, muka dawo gida giɓina ya fi nata faɗi.

Ni malamin firamare ne a Dogon Dutsi, kuma a wajenmu "Mushe" ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, albarkacin Faransanci. (Na sani, mushe kuma shi ne dabbar da ta mutu ba yanka. Shekara ashirin ina amsa sunan nan ina buɗa ƙirji, ban taɓa kawo wa raina zai bi ni ba.) An san ni da ƙin raki. Ranar allurar rigakafi ni ke tsayawa bakin aji da tsumagiya ina cewa, "Duk wanda ya yi kuka ba ɗan Arewa ba ne!"

Hadiza shekararta bakwai. Turmin haƙorinta ya ruɓe, kunci ya kumbura, kwana uku ba ta iya cin komai sai kunu. Amma da an ambaci likitan haƙori sai ta shige ƙarƙashin gado, don wata ƙawarta ta rantse mata cewa da filayar masu gyaran babur ake fizgewa. Uwarta ta yi lallashi har ta gaji. Sai ni, gwanin tarbiyya, na ce a bar ni da ita.

"Ke Hadiza, don haure guda za ki tada muna gida? Cizon sauro ya hi shi zahi."

"Baba, an taɓa cire maka?"

"Sau nawa!"

Ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiyar ita ce ni ma ina da wani turmi da ya shekara biyu yana gasa mini aya a hannu. Kanumfari nake danna masa, ina tauna ta gefe guda kamar akuya, in an miƙo tsire in ce na ƙoshi. Yarinyar dai ta yarda da ubanta, ta fito, muka hau kabu-kabu.

Da layi ya zo kanmu muka shiga, sai likitar ta sauke ƙyallen bakinta ta rusuna. "Mushe! Ina kwana?"

Rabi ce. Tsohuwar ɗalibata, wadda na taɓa tsayarwa gaban aji don ta yi kukan allura, har na laƙaba mata Rabi Mai Hawaye, sunan ya bi ta shekara uku. Ga ta yau cikin farar riga. Na amsa gaisuwa da muryar manya, kamar ni na saya mata rigar.

Hadiza kuwa da ta ga kujera da ƙarafa jere a faranti sai ta ƙanƙame ƙofa. Nan fa basira ta zo mini. (Ku shaida, ba wanda ya sa ni. Da bakina na faɗa.) Na ce, "Tsaya in hau ki gani, ba komi ba ne." Na haye kujera na miƙe ƙafa, na ƙifta wa Rabi ido don ta gane wasa muke.

Ta kunna fitila, ta leƙa, ta ɗan ƙwanƙwasa da wani siririn ƙarfe. Sai da na ji shi har tafin ƙafata.

"Mushe, wanga haure ya hi na ɗiyarka lalacewa. Yau za ya hita."

"A'a, ai gwadi ne mukai. Kuma ina da aji ƙarhe goma."

"Mushe, ai hutu akai."

Na waiwaya neman ceto, sai ga Hadiza ta saki ƙofa ta matso, idonta a kaina. "Baba, cizon sauro ne ko?"

In na sauka, yarinyar nan ba za ta sake yarda da maganata ba, haƙorinta kuma ya zauna. Na ce bismillah. Rabi ta ɗago allura. Wallahi ni dai tsawon kara na gani. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne wani ƙato yana ihun "Wayyo Inna!" da murya irin tawa.

Na farfaɗo rigata jiƙe da ruwa, ƙafafuna a sama, hulata a ƙasa. Ƙofa a buɗe, 'yan layi sun cika ta, rabinsu iyayen ɗalibaina. Daga baya wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye tana ta tambaya, "Mi ya hwaru ciki?" Wani ya ce, "Mushe ne kwance." Ta ce, "Mushe cikin gidan likita? To ku hidda shi mana tun bai yi wari ba!"

Dariyar da aka yi, har yau in na tuna sai na ji zufa. Na so ƙasa ta tsage. Sai na ji ɗan hannu cikin nawa. "Baba, kada ka ji tsoro, ina nan."

Haka aka cire nawa, 'yar shekara bakwai tana riƙe da ni. Sannan ta hau da kanta, ta buɗe baki, ko uffan. Rabi ta naɗe mata haƙorin a auduga, ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Mushe, ɗiyarka kam 'yar Arewa ce."

A hanya na roƙi Hadiza kada ta gaya wa uwarta. Ta cika alkawari, sai dai labarin ya riga mu isa gida. A bakin zaure ta hangi ƙadangare a kan katanga, ta yi maza ta toshe bakinta. "Baba, ruhe naka! In ya ga giɓin, haure ba ya tsirowa." Ni, mai furfura a gemu, na toshe.

Nata ya tsiro. Nawa kuwa har yanzu tana cewa sakacina ne.

Yanzu ranar rigakafi tsumagiya tana zama a gida, ni kuma ina tsayawa ne ina kallon bango. Kuma duk yaron da ya yi kuka a ajina, da hannuna nake share masa hawaye, don ban san wanne ne cikinsu zai riƙe filaya ranar da ɗayan turmin ya tashi ba.