Lissafin Dubai zuwa Kuala Lumpur

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Talatar da na kunyata kaina a gaban 'yan aji uku ba.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Isa. Ɗana na fari, Mustafa, ya samu gurbin karatu a Malesiya. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, "yaron nan" nake cewa, shi kuma Malama yake ce mini. Goyonsa ma yayar mijina ce ta yi, Hajiya Kulu, wadda kuma ita ce shugabar makarantarmu. Ranar da zai tafi kowa ya raka shi tasha, ni kuwa na ce wanki gare ni. (Zane ɗaya na yi ta cuɗawa har azahar.)

Amma fa na saci kallon tikitinsa a wayar babansa, na haddace shi tsaf. Zai sauya jirgi a Dubai, daga can zuwa Kuala Lumpur kimanin kilomita dubu biyar da ɗari biyar, tafiyar awa bakwai. Ni da zuwa Sakkwato a bas ke sa ni ciwon baya, sai na kasa daina tunanin awa bakwai a sama, babu tasha, babu wanda ya san ba ya son yaji.

Da safen Talatar yana cikin jirgin, ni ina aji. Sai na ga ai wayo ne in mayar da damuwata darasi. Na rubuta nisan da awoyin a allo, na ce su nemo gudun jirgin. Hajiya Kulu ta shigo duba aiki, ta zauna a bencin baya. Yara suka ba da amsa daidai. Maimakon in wuce gaba, sai na dubi agogo na ce, "To, in ya tashi bakwai da rabi agogonmu, yanzu yana ina?"

Ni na ba kaina amsa, da ƙarfi kuwa: "Mustafa yana saman teku, kuma ko rigar sanyi bai ɗauka ba."

Sai hawaye shar, ga alli a hannu. Na goge fuska, na shafe ta fari fat. 'Yan mata arba'in suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Hajiya ta miƙe a hankali. "Malama, ashe kin san sunanai? Mu da munka ɗauka wanki kikai."

Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Bayan la'asar ta aiko a kira ni gidanta, ta miƙo mini wayarta. "Ya sauka. Amshi, ki yi mai magana, ni za ni ɗaki."

Na ji muryarsa can nesa: "Malama, ina wuni?" Ina da maganar shekara ashirin da biyu da zan gaya masa, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Sun ba ka abinci a jirgin?"

Na dai koyi darasi: mai alkunya kada ta riƙa koyar da nisa da lokaci. Yanzu in mun zo wannan babin, abokin aikina Malam Sani nake roƙo ya karɓar mini ajin.